Rubutun da Na Ƙona Don Ladabi

A ofishin da na ƙare aikina kafin in yi ritaya, akwai wata kwamfuta da ta so ta haukata ni. Mai gyara za ta zo ta saita ta, yadda in na buga gajeren sunan na'urar buga takarda, nan take za ta gane inda nake nufi. Washegari in kunna, sai ta ce ita ba ta san wannan suna ba. Sau uku ana haka. A na huɗu na ce wa matar, "Baiwar Allah, ko dai aljani ne a cikinta?" Ta yi dariya ta ce babu aljani. Ta ce kowace safiya akwai wata babbar na'ura da ke raba wa kwamfutocin ginin lambobinsu, ta haɗa musu da jerin wuraren da za su nemi suna. In sabon jerin ya zo, sai ya hau kan wanda muka rubuta da hannu ya shafe shi. Maganin abin, in ji ta, shi ne mu rubuta namu a wani gurbi da babbar ba ta taɓawa, mu umurci kwamfutar ta riƙa farawa da shi. Ta gyara ta yi tafiyarta. Ni kuwa ranar nan ban tsinana komai ba a ofis, don wannan karatun na riga na yi shi tun a Illela, kuma da idon wani tsoho na koye shi.

Gidanmu a Sakkwato gidan biro ne. Kakana akawu, mahaifina akawu, yayyena duk suna ofis-ofis. Ni ne na faɗi jarrabawa har sau biyu, mahaifina ya ce tunda na ƙi boko ta daɗi, in je in ɗanɗani rana. Ya yi wa wani abokinsa magana, mai kamfanin dakon kaya da saƙonni, aka tura ni reshensu na Illela. Na hau mota raina a ɓace, na sauka raina a ɓace, kuma wallahi na fi wata shida ban huce ba.

Reshen ɗaki ɗaya ne a gefen tasha: kanta, sikeli, benci, da wani allon katako a bango. A kan allon nan ake manna abin da muke kira takardar wata. Farkon kowane wata motar kamfani za ta zo da sabuwa daga birni, bugun inji, da sunayen unguwannin cikin gari da wakilin kowace unguwa, da ranakun mota. A ƙasanta an rubuta cewa a cire tsohuwa a manna wannan. Dokar kuma a fili take: saƙon da ya kwana goma ba a sami mai shi ba, a mayar da shi birni.

Wanda na gada wani dattijo ne ɗan gidan fatake, rabin danginsa a nan, rabi a Ƙonni, ƙetaren iyaka. Ya daɗe a ɗakin nan har bencin ya san zamansa. Safiya ɗaya tak muka yi tare. Ya nuna min makulli, ya nuna min yadda sikelin ke ƙarya in ba a buga masa hannu ba, sannan ya kai yatsa ƙasan takardar wata, inda aka yi wani rubutun ajami da fensir, ƙanana-ƙanana, bisimilla a sama, layi biyar a ƙarƙashinta.

Ya ce, "Ɗana, in sabuwa ta zo, ka ɗauki na ƙasan ga ka maishe ga sabuwar kahin ka cire tsohuwa. Ka jiya?"

Na ce, "To, Baba." Idona na kan ƙofa, ina lissafin ko wace mota ce za ta iya mayar da ni gida. Ya yi min addu'a, ya ɗauki butarsa da buzunsa, ya ƙetare wajen ƙanensa. Ba a jima ba aka rufe iyaka, ban sake sa shi a ido ba.

Da wata ya kama, sabuwar takarda ta zo. Na ɓamɓare tsohuwar, zan dunƙule ta in jefa kwando, sai idona ya faɗa kan bisimillar nan. Ba wai ban iya karanta ajami ba, na yi allo kamar kowa. Amma ganin sunan Allah a layin farko ya ishe ni yanke hukunci: addu'ar tsari ce ta tsofaffi, irin wadda ake rubutawa a shago saboda ɓarayi da baki. Na ce a raina, ni ba zan ɓata takardar kamfani da fensir ba. Sai dai a gidanmu an hore mu, takarda mai sunan Allah ba ta shiga shara. Na kai ta bayan ofis, na sa ta a wani fasasshen kasko, na ƙyasta ashana, na tsaya har ta cinye, na tona rami a gindin dogon yaro na binne tokar. Na koma ciki ina jin na yi abin kirki. Kai, girman kai rawanin tsiya ne, ni kuwa na naɗa nawa har da kunne biyu.

Ashe ba addu'a ba ce. Jerin wuraren da yake neman masu saƙo ne in suna ya zo tsirara, babu sunan uba, babu unguwa, sai "Illela" kawai. Takardar birni cikin gari kaɗai ta sani. Mutanen ƙauyukan kewaye kuwa duk "Illela" suke ba danginsu, don nan ce tashar da mota ke tsayawa. Dattijon nan, shekara da shekaru, kowane wata sai ya zauna ya sake kwafe layukansa a ƙasan sabuwar takarda: in ba a samu a gari ba, a tambayi wane a rumfar kaza, in babu a can, a tambayi wane. Wannan na ƙona, har da tsayawa in ga ya ƙone da kyau.

Zaman Illela a shekarun nan zama ne mai nauyi. Rufe iyaka ya kashe rabin kasuwa. Masu canjin sefa suna zaune a inuwa suna kore ƙuda. Ga fari, ga tsadar hatsi. Ni kuma ban nemi kowa ba, kowa bai neme ni ba. In na rufe ofis in sayi tuwo a kwano in kai ɗaki in ci ni kaɗai, rediyo na yi min magana da Hausar Kano. A masallaci a gaisa da ni, "Akawu, ina gajiya?" in ce babu, shi ke nan. Akwai ranakun da in ban da sallama da "sa hannu a nan", ba na furta komai daga safe har magariba. Na yi kewar gida har ina jin ta a ƙirji, amma ko wasiƙa na ƙi rubutawa, wai ni ina fushi. Mai rarraba wasiƙun mutane, shi ba ya aikawa, ba a aiko masa.

Cikin kayan da suka zo a watan farko akwai wani ɗan ƙunshi, bai fi kwalin ashana biyu ba, an naɗe shi da takardar siminti, an ɗaure da baƙin zare. Suna ɗaya ne a kai, sunan da in ka kira shi a tasha mutum bakwai za su waiwayo, sai "Illela". Na kai shi kunne na girgiza, na ji ruwa na motsi a cikin 'yar kwalba. Na yi yadda takarda ta ce. Na aika wa wakilan unguwanni, aka zo min da masu sunan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya juya ƙunshin ya ce ba shi da kowa a birni. Kwana goma suka cika, na mayar.

A cikin ƙunshin nan maganin ido ne, na wani tsohon masunci a Kalmalo. Idonsa na hagu ya riga ya tafi, na dama ne ya rage, kuma ɗigon nan safe da yamma shi ke riƙe da shi. Ɗiyarsa ce ke aikowa daga birni kowane wata. Ban san wannan ba a lokacin, amma ina so mai karatu ya sani tun yanzu, don ya ga abin da na riƙa yi.

Kowace Lahadi, ranar kasuwa, wani mai sayar da busasshen kifi yakan leƙo ƙofar ofis. Dogo ne, mai ƙarancin magana, warin kifi na riga shi shigowa. Ranar farko ya yi sallama ya ce, "Akawu, akwai namu?"

Na ce, "Mi as sunanka?"

Ya faɗa. Na bi littafi da yatsa, na ce, "Babu."

Ya ɗan tsaya, kamar zai ƙara magana, sai ya ce, "To, Allah shi kai mu wani mako."

Ƙunshin na bisa kanta a bayana, tsakaninsa da shi bai kai taku uku ba. Shi "namu" da ya ce, na mutanen Kalmalo yake nufi, don shi ne layin farko a rubutun da na ƙona. Tsohon akawu ba ya tambayarsa suna, miƙa masa kawai yake yi. Shi kuma mai kifi ya ɗauka na san aikina, ɗan birni mai biro a aljihu, wa zai koya masa? Haka ya riƙa zuwa kowane mako, ina ce masa babu, har na fara jin haushinsa. Wata rana ma na ce masa, "Malam, in akwai ai za a neme ka." Ya ce, "Gaskiya ne, akawu," ya sunkuyar da kai ya fita. Wannan "babu" tawa ita yake ɗauka a kan jakinsa ya kai wa tsoho da yamma.

Wata na biyu ƙunshi ya zo, na mayar. Na uku ya zo, na mayar. Har na riƙa tsaki in na gan shi, ina cewa wane marar aikin yi ne wannan da ba ya iya rubuta adireshi. Can birni kuwa, tunda mai aikowa ba ta sa nata adireshin ba, sai a jefa shi cikin kwandon kayan da ba su da mai su. Ita tana can tana zaton uba na samu. Shi yana can yana zaton ɗiya ta daina. Kuma uba irin na da ba zai aika a tambayi ɗiyar da ke gidan miji me ya sa ba ta aiko ba. Kunya ta rufe bakinsa, ni kuma na rufe hanya.

A wata na huɗu, ana saura kwana ɗaya in mayar da ƙunshin, motar kamfani ta iso da hantsi, wata mata ta sauko daga gaba. Za ta yi shekara arba'in, da mayafi ruwan toka da 'yar jaka. Ta roƙi ta zauna a benci kafin ta sami abin hawa zuwa Kalmalo. Na ba ta ruwa a moɗa. Ta kai baki ke nan sai ta tsaya, idonta a kan ƙunshin da ke bisa kanta.

Ta ce, "Malam, wanga mi yaka yi nan?"

Na ce na komawa ne, ba a sami mai shi ba, kuma wannan ne na huɗu.

Ta ajiye moɗar a hankali. "Na huɗu?"

Na ce, "Na huɗu."

Ba ta yi ihu ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta ce, "Rubutuna ne. Maganin idon babana ne. Shekara biyar ina aiko shi haka, bai taɓa ɓata ba." Sannan ta dubi allon bango, ta dubi ƙasan takardar inda yake fari fat, ta ce, "Ina rubutun Baba akawu?"

Wallahi a nan ne na gane. Na ce, "Na ƙone shi, Yaya. Na ɗauka addu'a ce."

Ta dube ni ta daɗe, ta ce, "Ba ka karanta ba?"



Na rufe ofis da rana tsaka, abin da doka ta hana, na ari keke wajen mai shayin tasha na bi motar da ta hau. Tafkin Kalmalo ya janye a shekarar, jirage na kife a kan busasshen laka. Muka sami tsohon a zaure, komar kamun kifi a kan cinyarsa, yana lalube da yatsu yana neman inda ta yage. Da ya ji muryarta sai ya saki komar. Ya juyo da fuska, amma ba daidai inda take ba, ɗan gefe. Ita ma'aikaciyar asibiti ce, ta san abin da take gani. Ta durƙusa ta ɗaga masa fatar ido, ta kaɗa hannu a gabansa, ta sake kaɗawa. Sai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi.

Na durƙusa na faɗi abin da na yi, tun daga kasko har zuwa "babu". Ban rage komai ba. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Kai ne akawun?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "Ashe tana aikowa."

Na ce, "Kowane wata, Baba. Ba ta taɓa fashi ba."

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya sake cewa, "Ashe tana aikowa." Ni ina jiran hukunci, shi yana murmushi hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba.

Ta kai shi birni, likita ya ce abin da ya tafi ya tafi. Suka dawo bayan mako biyu.

Ni kuwa na shiga neman abin da na ƙona. Ihu bayan hari ne, na sani, amma akwai sauran mutane. Ranar Lahadi na je rumfar mai kifi da ƙafata, na ba shi haƙuri a gaban jama'a, na ce ya gaya min yadda dattijo ke yi. Ya ce shi nasa ya sani, amma yana ganin bayan shi wajen wani mai albasa ɗan Araba ake zuwa. Mai albasa ya tura ni wajen wata tsohuwa mai daddawa da ke zuwa daga Lafani. Ita ta yi min tatas tukuna, ta ce wasiƙun jikanta biyu na mayar, sannan ta ce na huɗu wani mai fataucin shanu ne da ke kai wa Fulanin rugage. Na biyar babu wanda ya sani. Wasu suka ce wani madugu ne na ƙetare, wasu suka ce a'a. Na tambaya har na gaji. Ko su waye mutanen layi na biyar, saƙonninsu sun ci gaba da komawa birni har na bar garin, kuma wannan ma yana cikin abin da nake ɗauke da shi.

Abin mamaki, a yawon nan ne na fara sanin mutane. Aka fara ce min in zauna in sha fura. Mai daddawa ta riƙa kirana mijinta, tana cewa ta fasa auren tunda ba na karatu.

Da na haɗa huɗun, na zauna na yi tunani. In na rubuta da fensir a ƙasan takarda, wata rana za a kawo wani sakarai irina. Sai na ɗauki ƙusa babba na kai wajen mai shayi, na sa a garwashi har ta yi ja, na riƙe da filaya. A jikin katakon allon, can ƙasa inda takardar wata ba ta kaiwa, na ƙona layukan ɗaya bayan ɗaya, da ajami a dama, da boko a hagu. Yini biyu ina yi, ɗakin duk ƙaurin itace. Na bar gurbin na biyar babu komai. Daga ranar, birni su aiko takarda duk yadda suka so, a manna a ɓamɓare, namu na nan a ƙasa.

Wata Lahadi mai kifi ya shigo riƙe da hannun tsohon. Wai ya ji labarin allo, ya ce sai an kawo shi. Na kama yatsunsa na ɗora a kan katako. Ya bi ramin haruffan a hankali, bakinsa na motsi, har ya kai ƙarshen layin farko.

Ya ce, "Kalmalo. Mu ne na hwarko?"

Na ce, "Ku ne, Baba."

Ya ce, "To, akawu, ina da roƙo. Ka rubuta ma ɗiyata, ka ce kar ta daina aikowa."

Na ce, "Baba, ai likita ya ce maganin ba zai ƙara..."

Ya ce, "Na ji abin da likita yac ce. Kai dai rubuta."

Na rubuta. Ita ce wasiƙar farko da na rubuta da hannuna a Illela, kuma a zaman nan, da biron nan, na rubuta ta biyu zuwa ga mahaifiyata.

Ƙunshin ya ci gaba da zuwa farkon kowane wata, takardar siminti, baƙin zare, suna ɗaya da "Illela". Ban ƙara ba mai kifi shi ba, ni nake kaiwa a keke ranar Juma'a bayan an sauko. In na yi sallama a zaure sai ya miƙo hannu tun kafin ya amsa. Ba ya kwance zaren. Ya kai ƙunshin kunne ya girgiza, ya saurari ruwan na motsi a kwalba, ya ce, "Tana lahiya." Sannan ya tura shi cikin aljihun gaba, ya ce in zauna a kawo min ruwa.